Ƴan ci-ranin Nijar a Najeriya: yadda masu masauki ke kallon su, da tambayar wane ne ɗan ƙasa

Duk shekara, da zarar an gama girbin gero an cika rumbuna, matasa daga ƙauyukan gundumar Madarunfa, kamar Gabi, Safo, Jiratawa, Sarkin Yamma da Ɗan Isa, sukan ɗauki ƴan jakunkunansu su nufi kudu. Daga Ɗan Isa zuwa Jibiya tafiya ce ta ɗan lokaci, kuma Katsina ba ta kai kilomita 100 daga Maraɗi ba, alhali Yamai ta haura kilomita 600. Wasu a Katsina suke tsayawa, wasu su wuce Kano, Kaduna, Abuja, har Legas da Fatakwal. Sana'o'insu sanannu ne: ga-ruwa, dako, gadi, sayar da shayi, gyaran takalmi, yankan farce, acaɓa, da ƙwadago a gonakin rani da wuraren gini. Yawancinsu sukan koma gida idan damina ta faɗi.

Yadda ƴan Najeriya ke kallon waɗannan ma'aikata ya bambanta daga arewa zuwa kudu, kuma yana sauyawa daga shekarar wadata zuwa shekarar ƙunci.

Asalin zumuncin

A ƙasar Katsina da wuya a kira mutumin Maraɗi baƙo da zuciya ɗaya, domin tarihi ba zai yarda ba. Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, kuma wajejen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi. Shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Haka Gobirawa suke, wasu a Tsibiri wasu a Sabon Birni. Iyakar da ke tsakani Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906, sannan aka bi ana kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Layin ya ratsa gonaki da dangi da makiyaya. Ko Gulbin Maraɗi ma daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo Nijar ta gundumar Madarunfa, ya yi kewaye ya sake komawa Najeriya.

Duk da haka, shekaru sama da ɗari na mulki iri biyu sun bar tabo. Tsofaffi har yanzu sukan ce wancan ɗan Faranshi ne, wannan ɗan Ingilishi ne. A kasuwar Kano ana gane ɗan Nijar da ya buɗe baki: ya ce lakwal a inda Bakano zai ce makarantar boko, ya ce mushe ga malamin makaranta, ya lissafa kuɗi da dala da jika. Ana yi masa ba'a a kan haka, wani lokaci ba'ar ta zumunci, wani lokaci mai ɗauke da raini, irin kallon da ɗan birni ke yi wa baƙauye. A gefe guda kuma ana yaba masa da juriya da riƙon amana, abin da ya sa masu gidaje da shaguna da yawa suka fi son ba shi gadi. Wannan yabon yana da nasa ciwon, domin sau da yawa wanda ake cewa mai haƙuri ne shi ake biya kuɗi kaɗan.

A kudu labarin daban ne. A Legas ko Onica ba a cika bambanta ɗan Maraɗi da ɗan Sakkwato ba, duka aboki ne ko malam. Bambancin yakan taso idan rigima ta tashi. Lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022, an yi ta cewa yawancin masu baburan baƙi ne daga Nijar da Chadi, zargin da ya faɗa har kan ƴan arewacin Najeriya da ba su taɓa tsallaka iyaka ba.

Abin da doka ta ce

Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa mamba damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Wanda zai wuce haka sai ya nemi takardar zama, kuma kaɗan ne daga ƴan ci-rani ke yin wannan. Zama ɗan ƙasa kuwa wani abu ne daban. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai ba mutum ƙasa don kawai an haife shi a cikinta ba. Sai uwarsa ko ubansa ko ɗaya daga kakanninsa ya kasance ɗan ƙasa. Baƙon da ke son a mayar da shi ɗan ƙasa sai ya yi shekara 15 a zaune. Bayan wannan akwai takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ake nema wajen shiga soja, aikin gwamnati da wasu makarantu. Yaron da aka haifa a Fagge, iyayensa da kakanninsa duka daga Gabi, bai san ko'ina ba sai Kano, amma a takarda baƙo ne. A aikace auratayya ta cakuɗa gidaje da yawa, kuma ba sirri ba ne cewa a garuruwan iyaka akwai masu riƙe da katin ƙasashen biyu. Nijar ta amince da riƙe ƙasa biyu a 2014.

Shekarun kora

Abin da ya fi bayyana halin masu masauki shi ne lokacin da abinci ya yi kaɗan. A shekarun 1970, da kuɗin man fetur ya cika Najeriya, ba wanda ya damu da takardar lebura. Daga 1980 iska ta juya. A watan Janairun shekarar gwamnatin Shehu Shagari ta kori Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno kuma ɗan jam'iyyar adawa ta GNPP, zuwa Chadi, da hujjar cewa ba ɗan Najeriya ba ne. Kotu ta soke korar ya dawo. Shari'ar ta nuna cewa a yankin iyaka ana iya mayar da kowa baƙo idan siyasa ta buƙata. A watan Disamba kuma rikicin Maitatsine ya ɓarke a Kano. Da yake Muhammadu Marwa ɗan asalin Kamaru ne, sai aka ɗora wa baƙi daga ƙasashe maƙwabta kaso mai yawa na laifin, ko da yake mabiyansa da dama ƴan gida ne.

Ranar 17 ga Janairun 1983, farashin mai ya faɗi kuma zaɓe na ƙaratowa, ministan cikin gida Ali Baba ya ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasar. Kimanin mutum miliyan 2 ne suka fita. Kusan rabinsu ƴan Gana ne, shi ya sa jakar nan mai zane ta samu sunan Gana-mas-go, amma ƴan Nijar da Chadi da Togo da Benin masu yawa suna cikin ayarin. Ita ma Gana ta yi irin haka a watan Nuwamban 1969, zamanin Kofi Busia, kuma ƴan Najeriya ne suka fi shan wahalarta.

Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Afrilun 1984, ta sake korar dubban ɗaruruwan baƙi a 1985, kuma ba a buɗe iyaka ba sai 1986. Wannan ya zo daidai da babban fari. Hatsi ya daina shigowa, hanyar ci-rani ta toshe, sai mutanen ƙasar Maraɗi suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Tsofaffi har yau da ita suke lissafin shekarun haihuwa.

Ba Afirka kaɗai ke da wannan hali ba. Ƙasar Ailan, wadda ƴaƴanta suka yi ƙarni suna ci-rani a Amurka da Ingila, ta buɗe ƙofar aiki ga ƴan Poland a watan Mayun 2004, lokacin da gine-gine ke neman hannu, har ƙidayar 2011 ta samu sama da 120,000 a ƙasar. Dukansu Turawa ne, akasarinsu mabiya ɗarikar Katolika, amma da tattalin arziki ya rushe a 2008 sai maraba ta yi sanyi. A watan Yunin 2004 ma ƴan ƙasar suka kaɗa ƙuri'ar soke ba da ƙasa ga duk wanda aka haifa a can.

Siyasar zamanin nan

Abin mamaki, Buharin da ya rufe iyaka a 1984, ya sake rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, shi ne aka fi zargi a kudancin Najeriya da fifita Nijar. Da gwamnonin Maraɗi da Damagaram suka halarci gangamin yaƙin neman zaɓensa a Kano a farkon 2019, jam'iyyar PDP ta yi ƙorafi, aka kuma farfaɗo da tsohon zargin da ke tasowa kowane zaɓe, cewa ana shigo da ƴan Nijar su yi ƙuri'a. Haka aka yi ta suka a kan layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021. Shi kuwa ya fito fili ya ce yana da ƴan uwa na jini a Nijar. A irin wannan muhawara ɗan ci-rani ba shi ne ainihin abin faɗa ba. Rigimar arewa da kudu ce a kan yawan jama'a da ƙuri'a, shi kuma ya zama sandar duka.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an ga ɗaya fuskar. Gwamnatin Bola Tinubu ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarki, amma sanatocin arewa da sarakuna da malamai suka tsaya kai da fata cewa ba za a kai yaƙi Nijar ba, hujjarsu ita ce jama'ar ɗaya ce. An buɗe iyakar a watan Maris na 2024.

Tun 2019 kuma tafiyar ta zama ta kai da kawo. Hare-haren ƴan bindiga a Zamfara, Sakkwato da Katsina sun koro dubban mutane zuwa gundumomin Gidan Runji da Madarunfa, kuma kafin hukumar HCR ta tsugunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, talakawan ƙauyuka ne suka sauke su a gidajensu, suka raba rijiya da rumbu da su. Gidajen da suka saba tura ƴaƴansu Najeriya yanzu su ne masu masauki, kuma su ma ana jin ƙorafinsu a kan tsadar hatsi da faɗuwar kuɗin ƙwadago.

Ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ranar da ƙawancen AES ya fara aiki da nasa fasfo. Da wannan, yarjejeniyar 1979 ta daina zama haƙƙin ɗan Nijar kai tsaye. CEDEAO ta buƙaci ƙasashenta su ci gaba da karɓar takardun ƴan ƙasashen uku, su kuma bar su su shiga su zauna kamar da, har zuwa lokacin da ɓangarorin biyu za su cimma sabuwar matsaya.