Zubewar gashi da ciwon fata a karnuka: yadda ake zaɓen abinci a Tamale

A Tamale, babban birnin jihar Arewa ta ƙasar Ghana, yawancin karnuka na gadi ne ko na farauta, kuma abin da ya rage a tukunya shi ne abincinsu: tuwon zafi, koko, doya, wani lokaci ƙashi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iskar hunturu ke busar da fata, an fi lura da karen da gashinsa ya dushe ko yake zubewa. Canza abinci na iya gyara wannan, amma sai in abincin ne tushen matsalar.

A fara duba ƙwari

Abin da ya fi cinye gashin kare a ƙasashe masu zafi shi ne ƙwari. Ƙazuwa tana sa susa mai tsanani, tana farawa daga gefen kunne, gwiwar ƙafa da ciki, kuma tana iya kama mutanen gida, musamman yara. Ƙuma ta fi taruwa a gadon baya kusa da wutsiya, kaska kuwa a kunne da tsakanin yatsu. Makero yana barin tabo mai zagaye, shi ma yana kama mutum. Tsutsar ciki tana shanye amfanin abinci, sai kare ya rame ko da yana ci.

Babu abincin da ke kashe waɗannan. Likitan dabbobi yakan kankare fata kaɗan ya duba da madubin likita, sannan ya rubuta magani. Hukumar kula da lafiyar dabbobi ta Ghana tana da ofis a Tamale, akwai kuma babban ɗakin gwajin cututtukan dabbobi a Pong-Tamale, a kan hanyar Bolgatanga. Shafa baƙin man inji da wasu ke yi yana ƙona fata, kuma guba ne idan karen ya lasa.

Abin da tuwo kaɗai ba ya bayarwa

Gashi kusan dukansa furotin ne, don haka karen da ke rayuwa a kan hatsi zalla gashinsa yakan yi laushi, ya dushe, ya riƙa karyewa. Fata kuma tana buƙatar mai domin ta riƙe danshi. Idan babu, sai ta bushe ta yi amosani. Na uku shi ne sinadarin zink. Masara, gero da waken soya suna ɗauke da wani sinadari da ke hana hanji tsotse shi. Alamar ƙarancinsa ita ce ɓawo mai kauri a kewayen ido, baki da tafin ƙafa. Likitoci a Amurka sun ga irin wannan a shekarun 1980 a jikin karnukan da ake ciyarwa da abincin buhu mai arha wanda yawancinsa hatsi ne.

Gyaran abincin gida

Ba sai an daina ba da tuwo ba, ƙari yake buƙata. A kasuwar Aboabo da babbar kasuwar Tamale ana samun busassun ƙananan kifi da ake kira amani, waɗanda ke ba da furotin da man kifi mai rage kumburin fata. A jiƙa su a wanke domin rage gishiri. Kifin da aka adana da gishiri mai yawa, irin su kobi, bai dace ba. Ƙwan kaza ko na zabo yana da amfani, amma a dafa shi, domin ɗanyen farin ƙwai yana hana jiki amfana da biyotin, ɗaya daga cikin sinadaran da gashi ke buƙata. Kayan ciki daga mahauta, kamar tumbi da zuciya, suna da arha kuma suna da zink. Hanta kaɗan ta isa, sau ɗaya ko biyu a mako, saboda yawanta na cutarwa. A haɗa da dafaffen kabewa ko dankali da ɗan man gyaɗa ko na soya.

A ware wa kare rabonsa kafin a zuba miya. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jajayen ƙwayoyin jininsa. Dafaffen ƙashin kaza ko na zabo yana tsagewa ya huda hanji.

Idan abincin buhu za a saya

A karanta bayan buhu. Ma'aunin da ƙungiyar AAFCO ta Amurka ta kafa, wanda kamfanoni da yawa ke bi, ya ce abincin babban kare ya ƙunshi aƙalla furotin kashi 18 cikin 100 da mai kashi 5.5, na kwikwiyo da kariya mai shayarwa kuwa furotin kashi 22.5 da mai kashi 8.5. Ana jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, saboda haka a nemi wanda nama ko kifi ke farko. A duba ranar lalacewa, a guji wanda ake aunawa daga buɗaɗɗen buhu.

Ajiya ma tana da muhimmanci. A watannin Maris da Afrilu zafin Tamale na iya kaiwa digiri 40, man da ke cikin abincin sai ya lalace da sauri. Da damina kuma danshi na kawo fumfuna. Masara da gyaɗar da suka yi fumfuna suna ɗauke da guba mai suna afalatoksin wadda ke lalata hanta. A farkon 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da rahoton mutuwar karnuka sama da 100 bayan cin abincin buhu mai wannan guba. Hatsin da mutum ya ƙi ci saboda fumfuna bai dace da kare ba.

Idan wani abinci ne jikin ya ƙi

Wasu karnukan suna susa duk shekara, suna lasar ƙafafu, kunnensu na yawan ciwo, ko da an kawar da ƙwari. A nan ana zargin jikinsu ne ba ya karɓar wani abinci. Waɗanda aka fi kamawa da laifi su ne naman shanu, madara, kaza da alkama. Hanyar ganewa ita ce a ciyar da kare nama iri ɗaya da bai saba ci ba, tare da abinci mai sitaci iri ɗaya, misali naman akuya da dankali, har mako 8 ba tare da ƙarin komai ba. Dole a tsare shi a gida a wannan lokaci, domin karen da ke yawon bola zai ɓata gwajin. Idan susar ta lafa, sai a mayar da tsohon abincin. Dawowarta ita ce tabbaci.

Kowane canji a yi shi a hankali cikin kwana 7, ana haɗa sabo da tsoho, don gudun zawo. Sabon gashi yakan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ya fito sosai. Idan fata na fitar da mugunya, ko kare ya daina cin abinci, ko wani a gidan ya fara susa, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar.