Ƙarin Iskar Haidurojin a Injin Mota: Nazarin Hujjojin Magoya Baya da na Masu Shakka

Tsakure

Maƙalar nan ta duba taƙaddamar da ake yi kan na'urar da ke raba ruwa da lantarki ta tura iskar cikin inji, wadda masu sayarwa ke kira HHO. An auna iƙirarin rage shan mai da ma'aunin lissafin makamashi da kuma gwaje-gwaje da shari'o'in da aka yi a Amurka. An gano cewa haidurojin na inganta ƙonewar mai idan yana da yawa, amma abin da na'urar ke samarwa bai kai ko kusa da wannan adadi ba.

Gabatarwa

Na'urar ba ta da wuyar ganewa: kwalba ce cike da ruwa da ɗan sinadari, a ciki an jera farantan ƙarfe marasa tsatsa, an ja waya daga batir, an haɗa tiyo zuwa bututun da inji ke shaƙar iska. Da an tayar da mota sai ruwan ya fara kumfa, mai sayarwa ya nuna da yatsa ya ce ga shaida. Kasuwarta kan buɗe duk lokacin da mai ya yi tsada, kamar yadda ta yi a Amurka a 2008. Direban Nijeriya da ke fama tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na cikin waɗanda irin wannan alkawari zai iya ja, shi ya sa batun ya cancanci a tantance shi da gaske.

Hanyar Bincike

An bi hanyoyi biyu: lissafi bisa dokar Faraday ta raba ruwa da lantarki, da kuma bitar hujjojin da kowane ɓangare ke kafawa.

Hujjar Magoya Baya

Babbar madogararsu ita ce binciken da John Cassidy ya yi a hukumar NASA a 1977 da injin Cadillac na 1969. Ya nuna cewa haidurojin na ba inji damar aiki da iska mai yawa da mai kaɗan. Dalilin a fili yake: haidurojin na kama wuta ko yawansa a iska kashi 4 ne cikin ɗari ko ya kai 75, alhali tururin fetur na kamawa ne tsakanin kusan 1.4 da 7.6, kuma harshen wutarsa ya fi na fetur sauri nesa ba kusa ba. Mai shakkar da ya musanta wannan ya yi kuskure. Sai dai Cassidy ya riƙa zuba fiye da rabin kilo na haidurojin a kowace awa, kuma ba daga lantarkin motar ya samo shi ba.

Sakamakon Lissafi

Mu ɗauki na'ura mai ɗakuna shida a jere, tana jan amfiya 20 daga motar da ke ba da bolt 13.8. Dokar Faraday ta ce amfiya ɗaya a awa ɗaya ba za ta wuce giram 0.0376 na haidurojin a kowane ɗaki ba. Ke nan na'urar na samar da kimanin giram 4.5 a awa, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na abin da NASA ta yi amfani da shi. Kilon haidurojin na ɗauke da megajul 120, don haka giram 4.5 ya zama megajul 0.54. Motar da ke shan lita shida a awa kuwa tana ƙone kusan megajul 190.

Ga kuma bashin da ake ci kafin a samu wannan ɗan kaɗan. Na'urar na cinye kusan megajul ɗaya na lantarki a awa. Altaneta ce ke samar da shi, tana ɓarnatar da kusan rabin ƙarfin da ta karɓa, injin da ke juya ta da bel kuma kusan rubu'in ƙarfin fetur kawai yake mayarwa aiki. Idan aka haɗa, an ƙone fetur na kimanin megajul takwas don a samu rabin megajul.

Tattaunawa

Magoya baya kan amsa da cewa gani ya kori ji, sun cika tanki sun ga bambanci. Shaidar direba abin saurare ce, amma wanda ya kashe kuɗi ya sa na'ura yakan sassauta ƙafa a kan totur ba tare da ya sani ba, sau da yawa kuma a ranar ake wanke fulogi a canza matatar iska. Wasu masu haɗawa ma kan taɓa na'urar auna oksijin don inji ya rage mai, abin da kan sa shi zafi fiye da kima.

Inda aka nemi hujja a gaban alƙali, iƙirarin bai tsaya ba. A 1996 wata kotu a jihar Ohio ta sami Stanley Meyer, mai cewa motarsa na tafiya da ruwa, da laifin zamba, ta umarce shi ya mayar wa masu zuba jari biyu dala 25,000. A 2009 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta kai Dennis Lee ƙara kan na'urarsa Hydro-Assist Fuel Cell, aka ƙare da sulhun da ya ɗora masa hukuncin biyan kimanin dala miliyan 2.7.

Kammalawa

Nauyin kawo hujja na kan mai sayarwa. Gwajin da zai raba gardama sananne ne: a ɗora mota ɗaya a kan injin gwaji, a auna man da sikeli, a kunna na'urar a kashe sau da dama ba tare da direban ya san lokacin ba, a kuma lissafa lantarkin da ta sha. Sassan injiniyanci na jami'o'inmu na iya yin wannan su sanar da jama'a da Hausa. Kafin nan, direban da kuɗin cefanensa ke tafiya a gidan mai zai fi ganin riba idan ya daidaita iskar taya, ya gyara inji a kan kari, ya kuma rage gudu.