Muryar malami da rikodar makaho: tarihin wata taƙaddama a jami'o'in Amurka

A shekarar 1878, shekara guda bayan ya ƙera garmahonsa, Thomas Edison ya wallafa jerin ayyuka goma da yake hasashen na'urar za ta yi wa ɗan Adam. Daga cikinsu akwai littattafan da za su riƙa yi wa makafi magana, akwai kuma adana bayanin malami domin almajiri ya koma masa a duk lokacin da ya ga dama. Kiɗa da waƙa, waɗanda daga baya suka mamaye faifan gaba ɗaya, a mataki na huɗu ya ajiye su. Ke nan tun ranar farko an san abin da na'urar za ta iya. Amma sai da aka yi shekara 99 kafin ɗalibi makaho a Amurka ya sami ikon ɗora ta bisa teburin aji ba tare da ya roƙi alfarmar kowa ba.

Yaƙi ne ya fara buɗe ƙofar. A Ingila, Ian Fraser, wanda ya rasa idanunsa a fagen daga na Somme a 1916, shi ya tsaya kai da fata har aka soma raba wa makafi littattafan saurare a 1935. Amurka ta riga su da shekara ɗaya. Sai dai galibin abin da aka ɗauka a faifan nan labarai ne da littattafan addini, ba na karatun jami'a ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu lamarin ya sake kama. Dokar 1944 ta ba tsofaffin sojojin Amurka damar shiga jami'a da kuɗin gwamnati, har da waɗanda suka dawo gida babu gani. To, mutumin da ya makance yana da shekara ashirin da ƴan kai bai taɓa koyon rubutun Braille ba, kuma ko ya koya, littattafan da malamansa ke buƙata ba su cikin wannan rubutu. A 1948 wata mata mai suna Anne Macdonald ta tara masu aikin sa kai a saman benen wani ɗakin karatu na birnin New York, suna karanta littattafan jami'a da baki ana ɗauka a ƙananan faifai masu cin mintoci kaɗan. Ƙungiyar da ta kafa tana nan har yau da sunan Learning Ally.

An warware matsalar littafi, saura ta aji. Littafi ba ya gardama in an ɗauki muryarsa, malami kuwa yana yi. Da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, rikoda ta zama abin da ɗalibi zai saka a jaka, sai malamai da dama suka ce ba a ajinsu ba. Hujjojinsu ba na banza ba ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙe alli zai gane su. Wani yana shirya littafi daga darussansa, yana tsoron a riga shi fitar da su. Wani yakan saki baki a aji, ya soki gwamnati ko shugabannin jami'a, ba ya so maganar ta fita da muryarsa. Wani kuma cewa yake ɗalibai za su daina yin tambaya in sun san ana ɗauka. Abin da hujjojin suka manta shi ne mai ido yana fita aji da shafi biyar a hannu, makaho ko wanda hannunsa ya shanye yana fita da abin da kansa ya iya riƙewa kawai. A zaurukan karatu na ƙasar Hausa an san makafi mahaddata, amma can malami yana maimaitawa har ya zauna. Malamin jami'a sau ɗaya yake faɗa ya wuce.

A 1973 majalisar dokokin Amurka ta saka wata gajeruwar aya, ta 504, cikin dokar kula da naƙasassu: duk wata hukumar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon ware mutum saboda naƙasarsa. Ayar ta yi shekara huɗu tana kwance, domin ba a sa hannu kan ƙa'idodin zartar da ita ba. Ranar 5 ga Afrilun 1977 naƙasassu fiye da ɗari, Judith Heumann na cikin jagororinsu, suka shiga ofishin ma'aikatar lafiya da ilimi a San Francisco suka yi zaman dirshan. Sun kwana a ƙasa kusan mako huɗu, wasu babu magungunansu, ƴan ƙungiyar Black Panther na kawo musu abinci. Ranar 28 ga watan minista Joseph Califano ya sa hannu.

Cikin ƙa'idodin akwai layin da ya ambaci abu biyu da sunansu: jami'a ba za ta hana naƙasasshe shiga aji da rikoda ba, ba za ta hana shi shiga gini da karen ja-gora ba. Ba a yi watsi da kukan malamai ba. An yarda a sa ɗalibi ya sa hannu cewa ba zai yaɗa abin da ya ɗauka ba. Wannan sulhu ne mai hikima, domin ya raba abu biyu da aka daɗe ana cakuɗawa, mallakar darasi da damar jin sa.

Sauran ƙasashe sun biyo baya a hankali: Ingila a 2001, Faransa da dokar 11 ga Fabrairun 2005, sannan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006, wadda Nijar ta amince da ita a 2008. A waɗannan shekaru jami'o'i suka fara ɗaukar darussa da kansu suna ajiyewa a intanet, kuma annobar 2020 ta mai da hakan ruwan dare.

Sai dai ɗauka kaɗai ba ta gama aiki. Malamin da ke nuna allo yana cewa «wannan a raba shi da wancan» bai bar wa makaho kome a faifai ba. Kurma kuwa, murya dubu ba ta amfane shi in babu rubutu a ƙarƙashin hoton. Jami'ar California da ke Berkeley ta koyi wannan da tsada: a 2016, bayan ƙorafin wasu kurame biyu, ma'aikatar shari'a ta ce darussan da take bayarwa kyauta a intanet sun saɓa wa doka. Jami'ar ta lissafa kuɗin gyara, ta ga ya yi mata yawa, sai a watan Maris na 2017 ta janye darussa fiye da 20,000 daga idon jama'a, masu ji da kurame baki ɗaya.