Issaka Issaka: ɗan kokowar Dosso da ya ɗauki takobin Nijar sau shida

Kadri Abdou, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, ɗan kokowar gargajiya ne na Jamhuriyar Nijar da ke wakiltar jihar Dosso. Ya ɗauki takobin ƙasa sau shida tsakanin shekarar 2015 da ta 2023, abin da babu wani ɗan kokowa da ya yi kafin shi tun da aka fara gasar a 1975. Takobinsa na farko da na shida duk a birnin Agadas ya same su, shi ya sa masu son kokowa na wannan jiha, daga Arlit har zuwa Aderbissinat, suke da nasu labarin a kansa.

Gasar takobi

A shekarar 1975 aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a garin Tawa, zamanin mulkin Seyni Kountché. Yacouba Ango, wanda ake kira Kantu, ɗan jihar Maraɗi, shi ne ya fara zama sarkin kokowa. Daga nan gasar ta riƙa zagaya jihohi, kowace jiha da nata karon karɓar baƙi. Filayen kokowa na manyan garuruwa suna ɗauke da sunayen mazan jiya: na Maraɗi sunan Kantu, na Dosso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa.

Jihohi takwas ne ke shiga, wato Agadas, Diffa, Dosso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace tana kawo 'yan kokowa 10 da ta tace a gida, jimilla 80 ke nan. A kwanakin farko jiha da jiha ake karawa, kuma duk wanda aka kayar ko da sau ɗaya ne, to takobin wannan shekarar ya wuce shi, ko da zai ci gaba da kokowa don taimakon jiharsa. Waɗanda ba su taɓa ƙasa ba su ne ake haɗawa da juna a ƙarshe har a samu mutum ɗaya. Wannan tsari ne ya sa ɗaukar takobi sau biyu ma yake da wuya, domin santsin ƙafa guda a rana ta biyu yana iya rushe shirin shekara guda.

Takubba shida

Issaka Issaka ya fara ɗaukar takobi a karo na 36 da aka yi a Agadas a 2015. Shekara ta zagayo aka kai gasar Dosso, ya sake ɗauka a gaban mutanensa. Bayan haka takobin ya kuɓuce masa karo biyu a jere: Yahaya Kaka na Tawa ya ci a 2017, Tassiou Sani na Damagaram ya ci a 2018. Issaka ya dawo a karo na 40 a Tilaberi ya karɓi na uku.

A karo na 41 da aka yi a Maraɗi, Ousmane Hassan da ake kira Janvier, ɗan jihar Tilaberi, shi ya zama sarki. Daga nan kuma sai Issaka ya jera uku ba tare da katsewa ba. Ya ci karo na 42 a Yamai, ya ci na 43 a Diffa inda ya kara da Sabo Abdoulaye na Yamai a kokowar ƙarshe, sannan ya ci na 44 a Agadas ranar 31 ga Disamban 2023, inda abokin karawarsa ya kasance Aibo Hassan na Maraɗi.

A watan Disamban 2024 aka kai karo na 45 Dosso, kuma mutane da yawa sun sa ran zai ƙara na bakwai a filin Salma Ɗan Rani. Hakan bai samu ba. Abba Ibrahim na Yamai ne ya tafi da takobin a wannan karon.

Agadas da takobi

Kafin zamanin Issaka, jihar Agadas ce ta yi tashe da nata sarkin. Laminou Maidaba ya kawo mata takobi sau uku, a 2009 da 2010 da 2012. Wannan ya ba mutane mamaki a lokacin, domin an saba ganin takobi yana yawo tsakanin jihohin noma na kudu kamar Maraɗi, Tawa, Dosso da Damagaram, inda kokowa ta samo asali daga wasannin kaka bayan an gama girbin hatsi. Da aka zo Agadas a 2015, 'yan jihar sun so takobin ya tsaya gida, amma sai ga shi ya bi hanyar Dosso, kuma haka aka sake yi a 2023.

Gasar 2023 ta zo ne watanni biyar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin takunkumin CEDEAO. Duk da ƙuncin da ake ciki an yi gasar, mutane suka bi ta a Télé Sahel da gidajen rediyo, a kasuwanni da tashoshin mota da wajen masu shayi, kamar yadda aka saba kowace shekara.

Mutanen da ke bayan ɗan kokowa

Mai kallo yana ganin mutum biyu ne a cikin fili, amma kowannensu yana da jama'a a bayansa. Akwai mai horarwa na jiha, wanda sau da yawa tsohon ɗan kokowa ne da ya ajiye walki. Shi yake tara 'yan wasa a sansani kafin gasa, ya duba ƙarfinsu da numfashinsu, ya nazarci yadda abokan hamayya ke kamu. Akwai ubangida, galibi ɗan kasuwa ko mai faɗa a ji, wanda ke ɗaukar nauyin abinci da magani da kuɗin tafiya. Akwai malamai da masu ba da taimako na gargajiya, waɗanda layu da guraye da kambun da ake gani a jikin ɗan kokowa daga hannunsu suke fitowa. Sannan akwai makaɗa da mawaƙa, irin su Sagalo, masu zuga mutum ya yi kirari kafin ya shiga. A sama da waɗannan duka akwai hukumar kokowa ta ƙasa, FENILUTTES, da ma'aikatar wasanni, waɗanda ke tsara gasa da naɗa alƙalai.

Wanda ya ɗauki takobi yana samun kuɗi daga gwamnati, da doki, da babbar riga da rawani, ban da kyaututtukan kamfanoni da na 'yan kasuwa da na shugabannin jiharsa. Sai dai takobi na mutum ɗaya ne a cikin 80. Sauran da yawansu suna komawa gona ko kasuwa ko wata sana'a idan an watse, suna haɗawa da kokowar gayya da ake shiryawa a garuruwa lokacin rani. Saboda haka maganar abin da ɗan kokowa zai dogara da shi bayan ƙarfi ya tafi takan taso duk lokacin da aka ji wani tsohon sarki ya kwanta rashin lafiya.

Matsayinsa a kokowa

Ban da gasar cikin gida, Issaka Issaka ya wakilci Nijar a gasannin kokowar Afirka, inda 'yan Nijar suka saba haɗuwa da na Senegal da Najeriya. A waɗannan gasanni ana raba 'yan wasa ne bisa nauyi, saɓanin gasar takobi inda ƙarami yake iya faɗawa hannun ƙato.

Masu bin kokowa sukan yi gardama a kan wa ya fi tsakanin shi da mazan farko irin su Kantu, Salma Ɗan Rani da Kadade na Tawa. Masu fifita na da suna cewa su ne suka yi wa gasar suna tun tana sabuwa, lokacin da lada ba ta kai ta yanzu ba. Masu fifita Issaka kuma suna kawo lissafi: daga karo na 36 zuwa na 44 an yi gasa tara, shi kaɗai ya ɗauki shida, sauran ukun suka rabu tsakanin Tawa da Damagaram da Tilaberi.