Ginger Baker, Baturen da ya biyo ganga har Legas

Ya kai mai karatu, in ka buɗe rediyo ko ka sa kaset, muryar mawaƙi kake ji. Amma akwai wani mutum a bayansa da ba ka gani. Shi ne mai haɗa faifai. Shi ke tara makaɗa cikin ɗakin ɗaukar murya, ya saurara, ya ce gangar nan ta danne waƙa, a sake. Sai ya gamsu kana a buga faifan a kai kasuwa. Ga labarin wani Bature da ya yi kiɗa, ya kuma haɗa faifai. Sunansa Ginger Baker.

An haife shi a Landan, babban birnin Ingila, ran 19 ga watan Agusta 1939. Ubansa magini ne. An ɗauke shi soja, ya mutu a yaƙin duniya na biyu cikin 1943, yaron yana da shekara huɗu. Ya bar masa wasiƙa da za a buɗe in ya kai shekara 14. A ciki ya ce masa ya zama namiji, ya dogara ga damtsensa. Yaron kuwa ya riƙe maganar nan fiye da kima, don har ya tsufa bai bar faɗa ba.

Gangar da ya koya ba irin tamu ba ce da ake ratayawa a kafaɗa. Makaɗi zaune yake bisa kujera, ganguna da fayafayan tagulla sun kewaye shi. Hannu biyu na aiki, ƙafa biyu na aiki. Wata rana wani babban makaɗi mai suna Phil Seamen ya kai shi gidansa, ya sa masa fayafayan kiɗan Afirka. Tun daga ranar kiɗan ya shiga ransa. Sai dai Seamen yana shan wata muguwar ƙwaya da ake kira heroyin. Baker ma ya faɗa ciki, ya yi shekara wajen ashirin yana fama.

A 1966 ya kafa ƙungiya mai suna Cream tare da Eric Clapton da Jack Bruce. Su uku ne kawai. Kiɗansu shi ake kira rok, wato kiɗa mai ƙarfi da jita mai aiki da lantarki, wanda ya samo tushe daga waƙoƙin baƙar fatar Amurka. Sun sayar da miliyoyin fayafayai. Amma Baker da Bruce ba su ga maciji da juna, ƙungiyar ta watse a 1968. Akwai kuma maganar kuɗi. A can, wanda aka rubuta sunansa a takarda cewa shi ya tsara waƙa, shi ke cin kaso mai tsoka duk lokacin da aka sayar da ita. Galibin waƙoƙin da suka yi kasuwa ba sunan Baker ke kansu ba. Wannan abu ya ci masa rai har ƙarshen rayuwarsa.

To, a nan ne labarin ya iso wajenmu. Baker yana da aboki ɗan Najeriya, Fela Kuti, wanda ya sani tun Fela na karatun kiɗa a Landan. A 1971 suka yi faifai tare, aka sa masa suna Live! Cikin shekarar kuma Baker ya ɗauki mota ƙirar Range Rover ya ratsa hamada daga Aljeriya zuwa Najeriya. Mai bin wannan hanya, ƙasarmu yake ƙetarewa. Nufinsa ya gina ɗakin ɗaukar murya a Legas, don makaɗan Afirka su daina zuwa Turai kafin su sami faifai mai kyau.

Ya zuba dukiyarsa, aka buɗe ɗakin a unguwar Ikeja a farkon 1973, ana kiransa ARC. Na'urar da ya kawo tana da layi 16. Bari mu bayyana maka amfaninta. Kowane makaɗi da layinsa, kamar kunyoyi a gona. Ganga na nata layi, ƙaho na nasa, muryar mawaƙi na nata. In mai ƙaho ya yi kuskure, shi kaɗai zai sake, ba sai an tayar da kowa ba. A lokacin, ɗakin babban kamfanin EMI da ke Legas layi 8 gare shi.

Amma na'ura ita kaɗai ba ta ciyar da gida. Sai manyan mawaƙa sun zo sun biya. A 1973 Paul McCartney, wanda ya yi suna cikin ƙungiyar Beatles, ya zo Legas yin faifai. Baker ya so a yi aikin duka a wurinsa. McCartney kuwa da EMI yake aiki, sai ya tafi ɗakinsu. Kwana ɗaya tak ya yi a ARC, ya ɗauki waƙa guda. Duk da haka Baker bai zauna banza ba: shi ya haɗa wa Fela faifan nan He Miss Road, wanda ya fito a 1975. Daga baya harkar ta lalace, ɗakin ya fita hannunsa, kuɗin da ya zuba suka tafi.

Abin da ya kwaso daga Najeriya shi ne son dawaki. Can ya koyi folo, wasan ƙwallon da ake yi bisa doki. Dawakin nan ma sun ci masa kuɗi ba kaɗan ba.

A farkon shekarun 1980 ya gudu Italiya, ya shiga ƙauye yana noman zaitun don ya yi nesa da masu sayar da ƙwaya, ya kuwa rabu da ita. Ya zauna Amurka, ya zauna Afirka ta Kudu. A 2005 su ukun nan na Cream suka sake haɗuwa suka yi wasa a Landan, ya sami kuɗi masu yawa, ya sake sayen dawaki. Ya komo Ingila da ciwon zuciya da na huhu, hannunsa ba nauyi. Ya mutu a garin Canterbury ran 6 ga watan Oktoba 2019, yana da shekara 80.