Daga Ramin Kuza zuwa Takardar Inshora: Tsohuwar Gardamar 'Yan Kamasho a Jos

Tun kafin a kafa allon kamfanin inshora ko ɗaya a titin Ahmadu Bello, mutanen Jos sun san ciniki iri biyu da ake ƙullawa da mai neman abinci. Ko dai kamfani ya ɗauke shi, ya nuna masa wurin aiki, ya ba shi ɗaki a bariki, ya biya shi kaɗan. Ko kuma ya tsaya da ƙafarsa, ya ci riba mai kauri ranar da ya dace, ya kwana da yunwa ranar da bai dace ba. Masu sayar da inshora har yau suna ja-in-ja a kan wanne ya fi: zama wakilin kamfani ɗaya mai turo maka abokan ciniki ya rage maka kamasho, ko zama dillali mai cin gashin kansa. A Jos, filin kuza ne ya fara koya wa mutane wannan lissafi.

Maƙeran Ririwai da na Liruwen Dalma sun daɗe suna narka kuza kafin Turawa su zo. A 1902 kamfanin Niger ya turo George Nicolaus ya bi sawun wannan kuza, shekara guda bayansa H. W. Laws ya biyo, daga baya ya kafa sansani a Naraguta. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Bukuru a 1914, babban layi daga Fatakwal ya iso a 1927. Leburori suka yi ta kwararowa daga Kano, Katsina, Sakkwato, Bauci da Barno, har a 1943, tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuzar da Najeriya ta fitar ta kai wajen tan 17,000.

A waɗannan filaye an yi aiki ta hanya biyu, kamar yadda Bill Freund ya bayyana a littafinsa na 1981 kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuzar Najeriya. Akwai leburan kamfani, wanda heluma ke yanka wa aikin yini, ya karɓi ladansa a ƙarshen mako. Shi ba ruwansa da neman inda kuza take. Masu binciken ƙasa sun riga sun gano, kamfani ya riga ya jawo ruwa. Akwai kuma wanda ake bari ya shiga filin da kamfani ya karɓa haya, ya zaɓi wurinsa, ya haƙa, ya wanke, ya kawo ma'auni a biya shi gwargwadon nauyin abin da ya samo. Wannan na biyun ya fi jin kansa ɗa, kuma idan ya faɗa kan wuri mai albarka yakan ninka lebura. Sai dai 'yancin nasa yana da iyaka: ba shi da ikon sayar wa kowa sai mai filin, kuma mai filin ne ke yanke farashi. Kai kuzar wani waje laifi ne a doka.

Da kasuwar duniya ta faɗi, aka ƙulla yarjejeniyar taƙaita haƙar kuza a 1931, dubban ma'aikata suka rasa aiki. Ɗakin bariki da ladan mako sun tafi tare da aikin.

A cikin gari kuwa, fatake sun zo da nasu tsarin wanda ya girmi na Bature. A kasuwar shanu irin Karar Bukuru, baƙon da ya kawo dabbobi yakan sauka wajen maigida, fatoman da zai ba shi masauki, ya tsaya masa, ya lamunce bashin da mahauta za su ci. Maigida yana da yaransa dillalai. Su ba sa fita farautar baƙi, domin baƙin suna zuwa ne saboda sunan maigida, amma ba su da iko a kan la'adar yadda suke so. Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna yadda ƙarfin maigida ya dogara ga gidajen saukar baƙi da amanar da fatake suka ba shi. Dillalin da ya ɓalle ya kafa kansa yana iya cinye la'adarsa duka, in har akwai bafataken da ya yarda ya bi shi. A nan ne yawanci ake gane wanda baƙi suka sani da wanda inuwar ubangidansa kawai yake sha.

Ita inshora ta shigo Najeriya a jikin kamfanonin ciniki na Turawa, waɗanda ke wakiltar kamfanonin inshorar Ingila a gefen harkarsu ta saye da sayarwa. Royal Exchange ya buɗe reshe a Legas a 1921. Wakilan farko ba su sha wahalar neman abokan ciniki ba, tunda kayan da ke cikin sito da na cikin jirgi, da injunan kamfanoni irin na kuza, su ne abin da ake yi wa inshorar. Abin ya sauko kan talaka ne da dokar 1945 da ta wajabta wa mai mota inshorar ɓarnar da zai yi wa wani, wadda ta fara aiki a 1950. Daga nan direban babbar mota mai jigila tsakanin Jos da Bauci ko Kafanchan ya zama abokin ciniki dole. Kamfanin 'yan ƙasa na farko, African Insurance, ya bayyana a 1958. Dillalan inshora suka kafa ƙungiyarsu a 1962. Gwamnati ta kafa nata kamfanin inshora, NICON, a 1969. A 1970 Hassan Odukale ya kafa Leadway a Kaduna, ya fara da inshorar motoci.

A Amurka an daɗe da raba layin nan biyu. Kamfanin Sears ya kafa Allstate a 1931, kuma ba da jimawa ba ya zaunar da wakilansa a kan tebura cikin kantunansa, ta yadda wanda ya shigo sayen taya zai wuce ta gaban mai sayar da inshora. Babu abokin cinikin da ya fi wannan sauƙin samu. Su kuwa masu zaman kansu, abin da suka riƙe shi ne hukuncin wata kotun New York na 1904, wanda ya tabbatar cewa bayanan abokan ciniki da ranakun sabunta takardunsu mallakin wakili ne, ba na kamfani ba. Wannan hukunci ya fi kowane ƙarin kamasho daraja, domin ribar sana'ar tana cikin sabuntawa shekara bayan shekara, kuma mai littafin sunaye yana iya sayar da shi ko ya bar wa 'ya'yansa.

Najeriya ta rubuta bambancin cikin doka. Dokar inshora ta 2003 ta ƙayyade kamashon inshorar mota kada ya wuce kashi 12.5 cikin 100, yawancin sauran nau'o'i kuma kashi 20, sannan ta ce na wakili kada ya wuce rabin na dillali. A bisa wannan ma'auni, takardar motar gida da hukumar kula da inshora, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, a lokacin tana ba dillali naira 1,875 in ya ci iyakar rabonsa, wakili kuma bai kai 1,000 ba. Rabin da aka yanke masa shi ne kuɗin tebur, da sunan kamfani, da mutanen da ake turo masa. Duk wanda ya kira su abokan cinikin kyauta bai zauna ya yi wannan lissafin ba. Amma shi ma dillali ba a banza yake cin nasa ba: sai ya yi rajistar kamfani, ya sami shaidar ƙwarewa, ya biya hayar ofis, ya sayi inshorar da za ta biya in ya ba mutum gurguwar shawara.

Jos ta jarraba kowane ɓangare. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sauya masu filayen kuza, kuzar saman ƙasa ta yi ta ƙarewa, sannan kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Oktoban 1985. Manyan abokan cinikin da suka rage su ne gwamnati, jami'a, masana'antu da ma'aikatun tarayya, musamman bayan dokar fansho ta 2004 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki yi wa ma'aikatansu inshorar rai. Irin wannan babban ciniki hannun dillalai yake bi, domin su ne ke iya zagaya kamfanoni su kwatanta farashi. Wakili aka bar shi da ƙananan takardu, da bin ofisoshi da shaguna, da gasa da masu buga takardun bogi a bakin ofisoshin lasisin mota.

Sai ga gobarar babbar kasuwar Taminus a Fabrairun 2002, wadda ta cinye dukiyar dubban 'yan kasuwa. Da tsoron asara kaɗai ke sayar da inshora, da daga ranar wakilai sun huta da yawo. Ba haka aka yi ba. Ɗan kasuwar Jos yana da adashi, yana da 'yan'uwa da ƙungiyar 'yan layinsu, yana kuma da shakka biyu: ko kamfani zai biya in abu ya faru, da ko addini ya yarda da cinikin. Sunan da kamfani ya miƙa wa wakili a takarda ba ya warware ko ɗaya daga ciki. Shakka ta biyun ce ta sa NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar Musulunci, a 2013, ta ba kamfanonin Noor da Jaiz lasisi a 2016. A farkon 2013 ɗin kuma aka tsaurara ƙa'idar cewa babu inshora sai an biya kuɗi, abin da ya rufe wa masu shiga tsakani hanyar riƙe kuɗin mutane suna juyawa.

Yanzu wani mai filin ya sake shigowa. Banki yana da sunayen masu ajiya yana tura su ga kamfanonin da ya ƙulla da su, mai mota kuma yana iya sayen takardarsa ta waya ba tare da ya ga fuskar kowa ba. Tun 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka tsananta binciken inshorar mota a kan hanya, a watan Agusta na shekarar kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar da ta maye gurbin ta 2003. Wakilin da ke zaune a reshen kamfani a Jos yana samun masu shigowa da ƙafarsu fiye da da, amma lambobin wayarsu a kwamfutar hedkwata suke, a Legas ko Abuja, kuma daga can ake aika musu saƙon sabuntawa idan shekara ta zagayo.