Nakiyoyin Abzin da Hanyoyin da Suka Rufe

A watan Disambar 2007 nakiyoyi suka tashi da motoci a Maraɗi da Tawa, garuruwan da ke nesa ƙwarai da fagen daga. A Janairun 2008 wata ta kashe ɗan jarida Abdou Mahamane, shugaban gidan rediyon R&M, a unguwar Yantala ta birnin Yamai. Gwamnatin Tandja Mamadu ta ɗora laifin a kan 'yan tawayen MNJ, su kuma suka ce hannunsu tsarkakakke ne.

Asalin bala'in yana arewa, a duwatsun Abzin, inda tawayen ya ɓarke a Fabrairun 2007 da hari a Iferwan. Yawancin abin da aka binne nakiyoyin mota ne, a kan hanya da cikin koramun da direbobi ke bi, to mota kuwa ita ce ran yankin. Masu garka a Timiya da Tabelot suna noman albasa da lemo, amma sai kaya sun isa Agadas kafin gumi ya zama kuɗi. Direba ya ga sawun tayar da bai yarda da shi ba, sai ya juya. Albasa ta ruɓe a buhu. Mutanen Iferwan suka watse, jiragen masu yawon buɗe ido daga Faransa suka daina sauka, maƙeran azurfa suka rasa mai ciniki.

Bayan sulhun 2009 da Libiya ta shiga tsakani, sojoji da hukumar CNCCAI, mai tattara haramtattun makamai, suka duƙufa kan share hanyoyi. Kayan garka suka koma kasuwa. Yawon buɗe ido dai bai farfaɗo ba, don sace ma'aikatan haƙar yuraniyom a Arlit a 2010 ya ƙarasa shi.

Rahotannin irin wannan aiki kan ƙirga nakiyoyin da aka tono da faɗin filin da aka share, lissafin da ba ya nuna abin da talaka ya samu. Mozambik, wadda aka ayyana ta rabu da nakiya a 2015, ta ba da ma'auni mafi kyau. Masana tattalin arziki uku, Chiovelli da Michalopoulos da Papaioannou, sun auna hasken fitilun dare a hotunan tauraron ɗan'adam, suka ga ribar ta fi yawa inda aka buɗe tituna da layin dogo, har garuruwan da ba a taɓa binne musu komai ba suka amfana.

Nijar ta shiga yarjejeniyar Ottawa, mai haramta nakiyoyin kashe mutane, a 1999, amma har yanzu da sauran aiki. A Madama, kusa da iyakar Libiya, an gano nakiyoyin kashe mutane tun na zamanin mulkin Faransa, kuma Nijar ta sha neman ƙarin wa'adin kwashe su. Yanzu kuma ga bama-baman haɗin gida a hanyoyin Diffa da Tilaberi.